Baba Ya Tashi Lafiya

Wata uku cur Auta tana yi wa mutum ashirin da uku ƙarya, kuma kullum da sassafe take sabunta ta. Da ta idar da salla sai ta jawo waya, ta shiga guruf ɗin masu jinya, ta rubuta cewa Baba ya tashi lafiya, ya sha shayi rabin kofi. Alhali Baba ya riga mu gidan gaskiya, gadonsa na nan a gyare, ba kowa a kai.

Kada a yi saurin zaginta, a fara jin yadda guruf ɗin yake. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta buɗe shi, wadda mijinta ya shekara tara kwance da shanyewar ɓarin jiki. Kowa Malama yake ce mata. Duk wanda ke ciki yana da nasa a kwance, wani uwa, wata miji, wata ɗa. Nan ake koya wa juna yadda ake wanke mutum a kan gado, nan ake kuka, nan ake faɗin abin da ba a iya faɗa wa dangi. Shi ya sa Malama ta kafa doka: wanda majinyacinsa ya rasu a yi masa ta'aziyya kwana bakwai, rana ta takwas a cire shi. Ta ce ba za ka iya cewa "na gaji da shi" a gaban wanda ya binne nasa ba. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar da ɗaci.

To Auta ina za ta? Shekara shida tana jinyar Baba. Ta rufe shagon ɗinkinta, ƙawaye suka gaji da gayyatar da ba a zuwa, suka daina. Yayyenta sun zo jana'iza, sun yi kwanakinsu, sun sa mata albarka, kowa ya kama gabansa. Ranar da ta ɗauki waya za ta sanar, sai ta ƙirga kwana bakwai a yatsunta, tsoro ya kama ta. Ta ce bari sai gobe. Goben ce har yau.

Sai ga shi Malama ta gayyace su garinsu na bakin teku. Yawancinsu ba su da mai riƙe musu jinyar ko na wuni ɗaya. Mutum biyu suka amsa: wani da ake kira Mai Kanti, mai jinyar mahaifiyarsa, wanda dama zai je ɗauko kaya a tashar jiragen ruwa, sai Auta, wadda ta ce yayarta za ta zauna da Baba. Ta san ganganci ne. Amma tana son ta ga fuskokinsu ko sau ɗaya.

A ƙofar tashar suka haɗu wata Talata da hantsi, gari a lumshe, ana yayyafi. Malamar da rubutunta ke sa mutane shiga taitayinsu ashe 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ɗan ranƙwafa, da lema mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Mai Kanti kuwa, sarkin barkwanci a waya, ga shi ƙato, amma ko ido ya kasa haɗawa da su, sai gyaran murya yake. Malama ta dube shi sama da ƙasa ta tambaya ko yatsunsa ne kawai suka iya magana. Dariyar da suka yi ce ta saki kowa.

Yawon buɗe ido na masu jinya abin tausayi ne. Ba su iya tafiya a hankali ba. Suka wuce injinan ɗaga kaya masu tsawon bene goma, suka wuce kwantenoni jibge kan juna, jajaye da shuɗɗa duk tsatsa ta ci gefensu, suka ratsa kasuwar kifi suna toshe hanci, duk a guje kamar an biyo su. Da suka isa tsohuwar hasumiyar fitila, maimakon su kalli teku, sai Mai Kanti ya tsaya ƙirga matakala yana cewa nan ai keken mara lafiya ba zai hau ba. Malama ta ce ita ma abin da take dubawa ke nan.

Ƙarfe goma sha biyu daidai wayoyi uku suka ɗauki ƙara tare. Duk mai jinyar wanda ke kwance ya san wannan ƙararrawar, bayan kowace awa biyu sai an juya mutum, in ba haka ba fata ta ƙwaƙule ta zama gyambo. Auta ba ta taɓa kashe tata ba. Malama ta kira 'yarta, Mai Kanti ya kira matarsa. Auta ma ta kara waya a kunne, ta juya baya, ta shiga gaya wa iska cewa a juya shi hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Da ta gama, Malama ta ciro kwalbar man shafawa daga jaka ta ba ta, ta ce a riƙa shafa wa Baba a dugadugai. Auta ta karɓa da hannu biyu, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mai Kanti ne ya dage sai sun shiga kwale-kwale mai inji, wanda ke zagawa da baƙi su ga manyan jirage kusa. Suna fita daga bakin gaɓa ruwa ya fara wasa da su. Malama ta rafka salati ta damƙe hannun Auta. Can da ruwan ya lafa ba ta saki ba. Ta juya hannun, ta daɗe tana kallonsa. Farcen Auta ya yi tsawo, ga zobe a yatsa. Mai jinya ba ya tara farce, ba ya sa zobe, don fatar wanda ya daɗe a kwance ko ƙyalle ya goga sai ta yage. Malama ta ajiye hannun a hankali.

Suna gindin wani jirgi baƙi ƙirin, mai girman unguwa guda, ƙarfe biyu ta buga. Babu sabis a kan ruwa. Hankalin Malama ya tashi, ta miƙe tana ɗaga waya sama har mai tuƙi ya daka mata tsawa. Mai Kanti sai gumi yake a cikin sanyin nan, yana cewa matarsa akwai mantuwa. Ita kuwa Auta, baiwar Allah, ta kashe ƙararrawar da babban yatsa, ta ci gaba da kallon mutanen da ke fentin jikin jirgin a kan igiya. Sai da ta juyo ta ga idon Malama a kanta.

Da suka sauka, suka samu sabis, aka yi kiraye-kirayen, Malama ta aiki Mai Kanti ya nemo musu ruwan sha. Ta zauna kan bencin siminti mai danshi, ta nuna wa Auta gefenta.

"Yaushe ya rasu?"

Auta ta buɗe baki za ta musa, ta ga ba amfani. Ta ce wata uku ke nan. Ta faɗi komai, har da ƙirgen yatsun, har da yadda gidan ya yi shiru ba ta da wanda za ta ce wa ina kwana in ba su ba.

Malama ta mayar da dubanta ga ruwa. Ranta ya ɓaci, kuma ba ta ɓoye ba.

"Wata uku ina roƙa wa mutum sauƙi, ashe gafara yake buƙata," ta ce. "Mu kin yi mana ƙarya, wannan da sauƙi. Shi fa? Mutum ashirin da uku kika hana su yi masa addu'a, 'yar nan."

Wannan bai taɓa zuwa ran Auta ba. Tun ranar jana'iza hawayenta suka ƙafe, sai a bencin nan suka ɓalle, ta yi kuka har da shessheƙa, masu tura kaya na wucewa suna kallo. Malama ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta yi ƙasa da murya, ta tambaye ta ko yanzu tana samun barci. Auta ta ce tana yi, wani lokacin har rana ta fito. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta share idonta da gefen mayafi, kuma Auta ta gane ba don Baba take wannan hawayen ba.

Auta ta roƙe ta. Ta ce ko magana ba za ta riƙa yi ba, a bar ta kawai ta riƙa karantawa. Malama ta ce ta cire mutum goma sha ɗaya da hannunta, har da aminiyarta, kuma ranar da nata ya cika ita ma za ta fita. Abin da za ta iya yi mata ɗaya ne, kwana bakwai ɗin daga yau za su fara, amma Auta ta rubuta sanarwar da kanta.

Nan a kan bencin ta rubuta. Kafin Mai Kanti ya dawo da ruwan ya riga ya gani a wayarsa. Ya miƙa musu robobin, ya yi mata ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa. Saƙonni suka yi ta shigowa, kowa na nema wa Baba rahama, ba wanda ya tambayi ranar, don ba ta faɗa ba, Malama ma ba ta tona ba.

Malama ta tafi, juyin ƙarfe huɗu nata ne. Mai Kanti ya raka Auta tashar mota, suna tafe yayyafin ya koma ruwa sosai. Har ta sa ƙafa a mota ya kira ta. Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya ce ta yafe masa, ya san ba lokacin wannan magana ba ne.

"Ƙanwata, keken Baba yana nan? Na tsohuwa ƙafarsa ta karye tun watan jiya."

Ta ce yana nan. Ta ce akwai katifar iska ma, da matasai huɗu, da zanen gado waɗanda ko buɗe su ba a yi ba. Ta ciro kwalbar man daga jakarta ta danƙa masa.

"Yaya, ka turo adireshin cikin satin nan," ta ce, "tun ina ciki."