Ƙarshen Mai Taliya

Ran Laraba ce, ana ta ruwa tun hantsi, Adda Haoua ta buga bangon katakon da ya raba ɗakina da nasu.

"Sabitu! In kana ciki, babanka na kira."

Ba shi ya haife ni ba. Baba Ɗanlaraba maƙwabcina ne a gidan hayarmu na Awendjé, mai tsire, mutumin Gaya, shekararsa ashirin a Libreville. Adda Haoua matarsa ce, 'yar Garoua. Na same shi kwance, ƙafafu sun kumbura sun yi sumtum, yana jan numfashi da ƙyar. Sati biyu ke nan da aka sallamo shi daga asibiti da ƙullin magani, ba a ce ya dawo ba.

"Zauna. A'a, kai ba ka iya zama ba, tsaya a nan. Silima zan aike ka."

Na san fim ɗin da yake nufi. Na Hong Kong ne, da yaren Sinawa na Kanton suke magana, ana rubuta Faransanci a ƙasa. Jarumin wani siririn mai sayar da taliya ne, matsoraci, wanda yaran hakimi suka rushe wa rumfa don hanyar maigidansu ta yi kyan gani. Sai ya je ya koyi faɗa wurin wata tsohuwa, da ludayi da muciya. Shi kuwa hakimin kullum cikin wa'azin gaskiya yake, hannun rigarsa cike da kajin mutane. Sau uku Baba ya kalla kafin ciwo ya kwantar da shi. Shi ma an taɓa ture masa tukuba a unguwar Louis, shekarar da arzikin man fetur ya sa aka tashi gyaran gari saboda manyan baƙi.

Sai dai bai taɓa ganin ƙarshen ba. Fim ɗin yamma biyar saura kwata ake farawa, magariba takan riske shi. Mu Hausawa layin baya muke zama, kusa da ƙofa, shida da kwata na yi sai a miƙe gaba ɗaya a tafi alwala. Na dare kuma lokacin cinikin tsire ne.

"Daidai mai taliya ya shiga gidan hakimi nake tashi," in ji shi. "Sau uku. Je ka gano min, kai da ka taɓa boko."

Na je. Amma ni tun da na bar makaranta a aji biyar ban taɓa kai abu ƙarshe ba. Kanikanci wata huɗu, tsaron shagon Aliou wata biyu. Ina zaune ƙafata na rawa, don na ji Ubale mai ɗaukar lebura yana rubuta sunaye a Louis har ƙarfe shida, aikin layin dogo can gaba da garin Ntoum. Tsohuwar ba ta ma gama koya wa mai taliya riƙon ludayi ba na fice. A wurin Ubale na samu lamba goma sha tara. Mota gobe ƙarfe biyar na yamma.

Da na koma gida ya ce, "To, yaya aka ƙare?"

"Ai, Baba, kashe hakimin ya yi. Tsalle ɗaya ya yi, ya soka masa wuƙa a maƙogwaro. Jini har bango."

Adda Haoua ta daina yi masa fifita.

"Wace wuƙar?"

"Ta yankan albasa."

"Ɗan nema! Mutumin da ya kasa yanka kaza, har yana ba ta haƙuri? Shekara talatin ina riƙe da wuƙa, Sabitu. Mai ciyar da mutane ba haka yake ramuwa ba." Tari ya sarƙe shi, muka jira ya lafa. "Ba ka zauna ba."

"Ban zauna ba."

"Kin ji ko, Haoua? Ko ƙaryar ma bai iya gamawa ba."

Ta yi dariya, idonta cike da ƙwalla. "Malam, ka bar shiriritar Sinawa ka kama carbi."

"Ga shi a hannuna. Ai hannu ɗaya ya ishe shi."

Alhamis ce ranar ƙarshe, Juma'a za a tura fim ɗin garin Port-Gentil. Na kwana da sanin haka, na kuma ɗaure kayana duk da haka. Wajen la'asar na isa Louis da jakata, mota ta kusa cika.

"Goma sha tara!" Ubale ya ƙwala min kira. "Hau mana, me kake kallo?"

"Ina zuwa."

"Ina za ka? Mutum hamsin ke jiran gurbin nan, ba zan riƙe maka ba!"

Na juya sau biyu kafin in kai ƙofar silima. Na shiga, na ɗora jaka a cinya. Shida da kwata layinmu ya miƙe, Aliou ya dafa kafaɗata.

"Salla, Sabitu."

"Zan yi daga baya."

"Saboda wannan abin?"

Na riƙe hannun kujera, suka fita suka bar ni.

Mai taliya ya watsa dogarai da ludayinsa, ya zaƙulo hakimi daga cikin randar da ya ɓuya. Ya ɗaga muciya, duk silima ta yi tsit. Sai ya miƙa masa ita. Ya sa shi ya kafa rumfar da hannunsa, ya dafa, ya zuba wa duk wanda ya taɓa ƙwace wa kaza, ya durƙusa yana wanke kwanuka. Shi kuma mai taliya ya harɗe a benci yana mitar gishiri bai ji ba. Mutane har buga ƙafa suke yi don dariya, ni ma da su.

Ban jira taksi ba. Na yanki hanya da gudu cikin taɓo, kwata ta cinye min takalmi ɗaya ban tsaya nema ba. Ina shiga gida na ga takalman maza jere a ƙofar ɗakinsu.

Adda Haoua na zaune a dakali, ta ja mayafi har goshi.

"Ana kiran salla ya ce in juya shi gabas," ta ce. "Shi ke nan."

Na tsaya da jaka a hannu, ruwa na ɗiga daga wandona.

"Ka gani?"

"Na gani, Adda."

"Ya kashe shi?"

"A'a. Wanke-wanke ya sa shi."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ya ce in ka sake zuwa da maganar kisa, in kore ka." Ta matsa gefe. "Shiga ka yi masa addu'a."

Washegari kafin Juma'a muka kai shi, da yayyafi a kanmu. Abin da na rasa a yinin nan ba shi da wuyar ƙirgawa: gurbi ɗaya a motar Ubale, magariba ɗaya cikin jam'i, takalmi ƙafa ɗaya, maƙwabci ɗaya.