Haƙoran Mai Begila

Tun yana saurayi yake busa begila a ƙungiyar badujala, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Begila. Da haƙoransa na gaba yake tokare bakin ƙarfen, su ne jarinsa. Kafin ya hau dandamali kuwa sai ya tsotsi lemon tsami, wai yana washe masa maƙogwaro.

Ran nan ana gwaji ya ɗora begila a leɓe, sanyin ƙarfen ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa. Sautin ya karye kamar kukan ɗan akuya. Aka yi dariya, shi ma ya yi. A madubin banɗaki ya ga haƙoran sun yi shara-shara a baki, ɗaya har da ɗigon baƙi.

Daga nan ya shiga sayen man goge baki. Mai gawayi, mai gishiri, mai ganye, mai sa haƙori fari fat, duk wanda aka ce masa yana da kyau sai ya kawo gida. Ya riƙa dirzawa da buroshi mai tauri har dasashi na jini.

"Baban yara, tukunya kake kankarewa ne?" in ji matarsa daga ƙofa.

"Ke dai bar ni. In suka tafi, da me zan busa? Da kunne?"

Da abin ya kai ko ruwa ba ya iya kurɓa sai ya runtse ido, babbar 'yarsa ta tasa shi gaba zuwa wurin likitar haƙori. Ya zazzage ledar mayukan a kan teburinta.

"Likita, don Allah wanne ne zai gyara?"

Ta duba bakinsa, ta ji labarin lemon tsamin da yake tsotsa, sannan ta bi bayan kwalayen tana karantawa. Ta ware biyu gefe.

"Baba, waɗannan suna da fuloraid, shi ke ƙarfafa ɓawon da ke rufe haƙori. Sauran babu shi a ciki. Wannan mai garas-garas ɗin kuwa, in ka dirza da shi bayan tsamin lemo ya ci haƙori, kankare ɓawon yake yi."

"To na ji. Wanne zai dawo da wanda ya tafi?"

"Babu. Abin da ya rage kawai za mu tsare."

Ya kama gefen kujera. "Akwai dai. Ko daga waje ne a aiko. Likita, ban iya komai ba sai busa."

Likitar ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce za ta cike ramin, ta lulluɓe haƙoran gaba biyu, amma ba ta san yadda leɓensa zai zauna a kansu ba. Ya kalli fitilar da ke saman kansa, ya buɗe mata baki ta fara aiki.

Bayan bakin ya warke ya kulle kansa a ɗaki da begila. Sautukan ƙasa suka fito lafiya lau. Ya ja numfashi ya nemi na sama, sai iska kawai. Ya sake, ya sake, har leɓensa ya kumbura. 'Yarsa tana tsaye a waje ta kasa ƙwanƙwasawa.

Har yanzu yana cikin ƙungiyar, yana riƙe wa matasa sautin ƙasa. Kullum kafin a taru yakan riga kowa zuwa, ya juya wa kujeru baya, ya sake gwada na saman shi kaɗai.