Zare a Ƙarƙashin Yatsa

"Ƙafar da ta iya rawa ba ta zuwa asibiti," in ji maƙwabcina, yana zura zare a allura. "Asibiti na masu tafiya ne kawai."

Malamin rawa ne. Shi yana saman bene, ni ina ƙasa, shekara da shekaru silin ɗina na ɗaukar darasi kyauta. Ran nan na hau in yi ƙorafin ƙurar da ke zubo min kan littattafai, sai na tarar da shi a bakin gado, ƙafa ɗaya kan kujera. Bororo ne ya fito masa ƙarƙashin babban yatsa. Ya soka allurar ta nan, ta ɓullo ta can, ya yanke zaren ya bar shi a ciki.

"Zaren zai tsotse ruwan. A manna filasta, gobe sai rawa. Haka muke yi tun ba a haifi likitocinku ba."

"Ba zafi?"

"Zafi? Farfesa, ƙafar nan ta gama makaranta. Ko ƙusa na taka ba na ji."

Ni ba farfesa ba ne, amma zancen ƙusa gaskiya ya faɗa. Ciwon suga ya daɗe da kashe masa jijiyoyin ƙafa, shi kuwa ya ɗauka ƙwarewa ce ta kai ƙarshe.

'Yarsa na tsaye bakin ƙofa da robar ruwan ɗumi. Ita ce ɗalibarsa ta farko, a da har ana raɗe-raɗin ta fi shi. Tana budurwa wani siririn ƙashi ya tsage mata a ƙafa saboda yawan tsalle da dira. Likita ya ce hutu da takalmi mai tauri har ya haɗe. Uban ya ce targaɗe ne: ƙanƙara da safe, bandeji da yamma, a koma fage. Ta yi wasan, an sha tafi. Ƙashin ya haɗe yadda ya ga dama. Tun daga nan aikinta shara da kunna kiɗa.

"Baba, wurin nan fa ya fara baƙi."

"Rinin safa ne."

"Safarka fara ce."

"To ki zama likita mana, tunda rawa ta gagare ki."

Ta ajiye robar ta fita.

Ya ci gaba da koyarwa, yana ƙara filasta kan filasta. Ɗaliban suka fara rige-rigen tsayawa kusa da taga saboda wari. Da zazzaɓi ya kayar da shi, 'yar da wani direban tasi suka sauko da shi za a kai shi asibiti, yana zagin direban wai bai iya taku ba.

Likita ya ce a cire yatsan.

"A kan yatsan nan nake juyi," in ji shi. "Cire naka."

Kafin ya yarda da yatsa, ana maganar idon sawu. Kafin ya yarda da idon sawu, ruɓar ta shiga jini. Na je dubiya na same shi ya rame, amma bakin na nan.

"Ka gani ko, Farfesa? Lafiyarta ƙalau a gida. Tana zuwa nan ta lalace."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Da safe ya rasu, 'yar na goge masa ɗaya ƙafar.

Tsoffin ɗalibai sun cika gidan wajen ta'aziyya. Kowa na cewa bai taɓa jin Malam ya yi kukan ƙafa ba, ko sau ɗaya. 'Yar ta ce haka ne. Bayan sun watse na gamu da ita a matakala, ta rungumo buhun takalmansa, tana sauka ɗaya-ɗaya tana dafa bango.

"Kawo in taya ki."

"Bar shi, Kawu. Na saba."

Yanzu silin ɗina ya daina zubar da ƙura. Da hantsi nakan ji ta a sama tana share ɗakin rawar: taku ɗaya, jan ƙafa, taku ɗaya, jan ƙafa.