Bokitin Baba Ganga

"Daga yau ba mai ƙara zuba masa a bokiti," in ji matar direba, tana tsaye a tsakar gidan haya da ludayi a hannu. "Kowa ya kai ragowarsa ganga da kansa."

Tsohon da take nufi yana zaune a bakin ƙofarsa, bokitin tsakanin ƙafafunsa. Mai gyaran famfo ne a da, kafin hannunsa ya fara rawa. Shi ya haɗa ganguna biyu a bayan kicin, ya ja tiyo zuwa murhu, ya ce in abinci ya ruɓe a ciki zai fitar da gas na girki. Kullum yana bin ɗakuna da bokiti yana karɓar ragowa da ɓawon kayan miya. Wata guda mutanen gidan suna toshe hanci suna yi masa dariya, har suka laƙaba masa Baba Ganga. Ranar da shuɗiyar wuta ta kama, masu toshe hancin ne suka fara rigimar layi.

"Me na yi, 'yata?" ya tambaya.

Ta san abin da ya yi, shi ma ya san ta sani. Shekaranjiya ta leƙa bayan kicin ta same shi a tsugune da cokali, yana tsince shinkafa mai ɗan dama-dama daga bokitin yana kaiwa baki, kafin ya dama sauran da ruwa ya juye wa ganga. Tausayi ya ɗan taɓa ta, amma bai daɗe ba. Kwana uku ke nan wuta na mutuwa girkinta bai nuna ba, mijinta yana fita aiki yana tsaki.

"Ganga ba ta ƙoshi," ta ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Akwai ɓera mai ƙafa biyu a gidan nan."

Mata suka kwashe da dariya. Tsohon ya sunkuyar da kai.

"To ku kula da ita," ya ce a hankali. "Ban da ruwan sabulu, ban da ƙashi. Ita ma rai gare ta."

Wuta kuwa ta dawo, har da huci. Kullum da hantsi matar direba takan wuce ƙofarsa da kwanon ragowa, ta ga labulensa ya motsa. Sau ɗaya ya kira ta.

"'Yata, ganga lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Idonsa yana kan kwanon. "Wannan duka nata ne?"

"Duka," ta ce, ta ƙara sauri. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta juye haushi. Ai an ce yana da ɗa a wani gari, don me ita za ta ɗauki nauyin uban wani?

Ana cikin sati na uku, labulen ya daina motsi. Tela mai ɗakin kusa ne ya tura ƙofar, ya fito yana salati. Likita ya ce zuciya ce, gidan kuma ya karɓi maganar hannu biyu, don ta yi wa kowa sauƙi. Tela kaɗai ya ce da suka ɗaga shi, kamar tabarma suka ɗauka.

Ba a gama fita da shi ba matar tela ta ja matar direba gefe.

"Yaya, yanzu in tiyon nan ya toshe wa zai gyara mana?"

Da la'asar mai gidan haya ya sa aka kwashe ɗakin. Ya miƙo wa matar direba bokitin.

"Ungo, ke ce sarauniyar ganga."

An wanke bokitin tas, ya bushe ƙayau. A jikin mariƙinsa akwai cokalin nan, ɗaure da zare.

Layinta ne a kicin, yara kuma na jira. Ta ajiye bokitin gefen murhu, ta murɗa, ta ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, cikakkiya, ba ko hayaƙi. Ta tsaya da tukunya a hannu, cokalin yana ta lilo yana ɗan buga jikin bokitin.