Ƙanƙara a Teburin Shugaba

Mai Ƙanƙara ba ta taɓa zama a aji ba, amma in dai maganar zafi da sanyi ake yi, ba ta ga wanda zai tsaya ya koya mata ba. Shekara ashirin da biyu tana daskarar da ruwa a shagon da ke ƙasan benen da suke haya. Firiza uku gare ta, ɗaya ta tsufa har sai an ɗaure murfinta da roba, ga garin katako buhu-buhu, ga tsofaffin barguna bakwai da ba a yarda kowa a gidan ya rufa da su ba, ko da haƙoransa za su karye don sanyi. Na ƙanƙara ne. Da an ɗauke wuta sai ta fito da daskararrun, ta naɗe su, ta binne cikin garin katako, su kwana biyu lafiya lau suna jiran masu kifi da masu lemo. Aikin ya kumbura mata gaɓoɓin yatsu, har ba ta iya dunƙule hannu sosai.

Autarta ce mai boko. Tun tana 'yar shekara tara take tsugunawa a bayan firiza tana damun mutane da tambaya, wai me ya sa bayanta zafi, cikinta sanyi. Yanzu ta kai ajin da ake raba yara a sakandare. Wanda ya sami maki hamsin a fiziks ya shiga ajin kimiyya, wanda bai kai ba a tura shi wani ajin, kuma wanda aka tura ba ya dawowa.

Ran Laraba Auta ta dawo ta shige bayan firiza ta zauna, ko takalmi ba ta cire ba. Uwar ta leƙa ta ga ido ya yi ja.

"Ke, wa ya mutu?"

"Arba'in da bakwai na samu, Inna."

"To, ba ki yi karatu ba ke nan."

"Na yi! Tambaya ɗaya ce, mai maki biyar. Cewa aka yi, gaskiya ko ƙarya, bargo yana ba jiki zafi, a kawo dalili. Na ce ƙarya ne, bargo ba shi da zafin kansa, hanya kawai yake tare wa zafi. Malam ya soke."

Mai Ƙanƙara ta ajiye gwangwanin da ke hannunta. Ta dubi bargunanta bakwai da ke shanye a igiya, ta dubi 'yarta.

"Wane malamin ne wannan?"

Ashe malamin fiziks na ainihi ya sami wani aiki tun tsakiyar zango ya kama gabansa, sai aka ɗora darasin a kan malamin noma, wanda yara ke kira Malam Taki a bayan idonsa. Shi ya tsara jarrabawar, shi ya duba. Tun Litinin Auta ta same shi cikin ladabi ta nuna masa, ya ce tsaurin ido ne ke damunta, shi da yake rufa da bargo tun kafin a haife ta. Gobe Alhamis da sha biyun rana za a sa hannu a jerin sunaye a tura sama.

"Inna, don Allah kada ki je," in ji Auta, don ta ga yadda uwar ta ɗaure fuska. "Dariya za a yi min."

"A yi. Ni ma ina son in ji abin dariyar."

Washegari ta sallami masu kifi da wuri, ta rufe shago, abin da ba ta yi ba ko ranar da haƙori ya hana ta magana. Ta ɗora ƙanƙara guda a baro, da bargo, da tire biyu, da guduma da ƙusar da take fasawa da ita. Auta na biye a baya can nesa, kamar ba tare suke ba.

Maigadin makaranta ya tare ƙofa. "Mama, ba a talla a ciki."

"Ka ga na yi maka tayi? Matsa, ɗan nan, kayan karatu ne."

Ofishin shugaban makaranta ɗaki ne mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata, da kabad cike da fayil, da teburi mai gilashi a sama. Shugaban mutum ne mai tumbi da laushin murya, irin waɗanda suka ƙware wajen sallamar iyaye ba tare da sun ba su komai ba. Ya saurare ta yana gyaɗa kai, yana satar kallon baron da ta tokare masa ƙofa da shi.

"Mama, na fahimce ki sarai. Amma harkar kimiyya sai masu ita. Malami ya duba, ya ba da maki. Kowace uwa gani take ɗanta ya fi kowa."

"Ranka ya daɗe, 'ya'ya biyar na haifa, huɗu ko a kyauta ba zan kawo maka su ajin kimiyya ba. Ban zo yabon kowa ba. A kira min malamin."

Aka kira shi. Dogo ne siriri, da jan biro a aljihun gaba, takardun jarrabawa a hammata. Da ya ga Auta a raɓe jikin kabad, sai fuskarsa ta canza.

Mai Ƙanƙara ba ta jira izini ba. Ta ɗora ƙanƙarar a bakin ƙofa, ta kafa ƙusa, ta buga sau biyu, ta fitar da gutsure biyu, kowanne kamar dunƙulen hannu. Ta jera tirenta a kan gilashin teburin shugaba, ta ture masa fayil gefe.

"Malam, zaɓi ɗaya ka naɗe da hannunka, kada a ce na yi siddabaru. Ɗayan a bar shi tsirara. In bargo zafi yake bayarwa, na cikinsa zai riga narkewa, ni kuma in ba ka haƙuri a gaban 'yata, in tura barona in tafi. Ko ba haka ba?"

"Ai ba haka ake gwaji ba," in ji Malam Taki. "Akwai ƙa'idoji, akwai kayan awo..."

"Ido ma kayan awo ne. Naɗe."

Shugaba ya yi 'yar dariya, ya ce a yi mata, don a ganinsa hakan ya fi saurin raba shi da ita. Malam ya naɗe gutsuren, ya ajiye, ya koma jikin taga. Ita kuwa ta jawo kujerar baƙi ta zauna, ta harɗe hannu. Agogon bango ya nuna goma da rabi.

Zaman jiran ƙanƙara sai wanda ya saba. Shugaba ya sa hannu a takardu, ya amsa waya, ya yi tari. Malamai suka riƙa leƙowa da uzurin neman alli, alhali kowa ya san ba a ofishin ake ajiye alli ba. Gutsuren da ke tsirara ya fara sheƙi, ya fara zufa, ruwa ya taru a ƙarƙashinsa.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe?" in ji Mai Ƙanƙara. "Bargo riƙe sanyi yake yi a ciki, ya hana shi fita."

"Ba haka ba ne, Inna."

Kowa ya juya. Auta ce, ta ɗago kai.

"Sanyi ba ya fita ko'ina. Zafi ne mai tafiya, kullum daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Zafin ɗakin nan ne ke shiga ƙanƙarar ya narkar da ita. Bargo cike yake da iska a tsakanin zarensa, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta iya miƙa zafi da sauri, shi ya sa yake daɗewa kafin ya ratsa. In mutum ne a ciki, zafin daga jikinsa yake fitowa, daga abincin da ya ci, don a nan ƙarfin yake a ajiye. Bargon hana shi gudu kawai yake yi."

Mai Ƙanƙara ta tsura wa 'yarta ido. Shekara ashirin da biyu tana riƙe da zance a juye, yau 'yar da ta goya ta gyara mata shi a gaban maza. Haushi ya taso mata, sai kuma wani daɗi ya danne shi, irin wanda bai taɓa kama ta ba.

"Kun ji ko? Ni ma ba ta bar ni ba. Wannan ce za a ce ba ta iya ba?"

A nan ne ta lura da Malam Taki. Ita da ta ƙare rayuwarta tana karantar fuskar masu saye, ta san mai jiran sakamako, ta san wanda ya riga ya san shi. Tunda aka fara, ko sau ɗaya bai dubi tiren ba. Bai yi gardama da bayanin Auta ba, kansa kawai ya sunkuyar yana murza biro. Ashe ya sani. Ya koma ya duba littafi tun ranar da yarinyar ta same shi, ya ga gaskiya, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ranta ya ɓaci fiye da lokacin da take zaton jahilci ne kawai.

Sha ɗaya da rabi saura kaɗan, na tsirara ya zama ruwa, sai ɗan ƙwaya kamar tsakuwa yana yawo a tire. Ta tashi ta warware bargon da kanta. Gutsuren na nan, gefensa kawai ya ɗan sulɓe. Ta ɗaga shi ta dangwara a gaban shugaba har gilashin ya yi ƙara.

Shugaba ya cire tabarau ya goge. Ya tashi ya kori masu leƙe, ya tura baron waje, ya rufe ƙofa, ya ƙara tausasa murya.

"Mama, kin yi ƙoƙari. Ga abin da za mu yi. Zan ƙara sunan yarinya a ƙasan jerin da hannuna, yanzun nan. Takarda kuma a bar ta yadda take. Malami yana da mutunci a idon ɗalibai, ba ma so a zubar. Magana ta mutu a ɗakin nan."

"In na ƙi fa?"

"To sai dai a bi doka. A rubuta ƙorafi, kwamiti ya zauna wani makon. Jerin kuma sha biyu zai tafi, da sunanta ko babu."

Mai Ƙanƙara ta dubi jerin sunayen da ke kan tebur. Gurbin ta zo nema, ga shi an miƙo mata, hannu kawai za ta sa. In ta cije, wa ya san ranar da kwamitin zai zauna? Ita ba ta da abin da za ta rasa, yarinyar ce za ta biya kuɗin taurin kan uwarta da shekarunta. Tsoro ya kama ta sosai, ta juya ta dubi Auta.

"Ke za ki zauna a ajin. Me kika ce?"

Auta ta girgiza kai. "Inna, ni hamsin da biyu na ci. Ba na son a saka ni a ƙasa kamar an taimaka min."

Shi ke nan, Mai Ƙanƙara ta sami ƙafar tsayawa. Ta juya wa shugaba baya gaba ɗaya, ta taka har gaban Malam Taki, ta ɗaga kai don ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

"Malam, an ɗora maka kayan da ba naka ba, wannan ba laifinka ba ne. Kuskure kuma kowa na yi, yanzu ka ga an gyara min nawa, ban mutu ba. Amma kai ka sani tun Litinin. Kwana uku kana kallon yarinyar nan tana wucewa ta gabanka. Wannan mutuncin ne ake cewa kada a zubar?"

Malam Taki ya dubi takardun da ke hammatarsa. Shugaba ya fara cewa, "Malam, ba dole ba ne ka..." amma mutumin ya riga ya sauke takardun daga hammata. Ya lalubo ta Auta, ya shimfiɗa a gefen teburin da bai jiƙe ba, ya zare jan biro. Ya soke arba'in da bakwai, ya rubuta hamsin da biyu, ya sa hannu a gefe, har da kwanan wata.

"Ki yi haƙuri," ya ce wa Auta, bai iya haɗa ido da ita ba. "Amsarki daidai ce."

Auta ta rufe fuska da hannu biyu ta fashe da kuka. Shugaba ya saki ajiyar zuciya, ya jawo jerin sunaye da sauri, ya rubuta, ya miƙe yana murmushin sallama.

"To madalla. Mama, mun gode ƙwarai, sai ki..."

"Malam," in ji Mai Ƙanƙara, idonta a kan tarin takardun, "yara nawa suka rubuta irin amsarta ka soke?"

Malam ya leƙa takardun. "Shida."

"Su iyayensu ba su da baro, ko?"

"Haba Mama!" in ji shugaba, laushin muryar ya tafi. "'Yarki ta samu, me kuma ya rage? Sha biyu saura kwata!"

"Ashe da sauran lokaci."

Ta jawo kujerar baƙi ta kai ta bakin ƙofa, ta zauna daram, ta jingina bayanta da ƙyauren, ta miƙe ƙafa.

"Fito da su, Malam, ɗaya bayan ɗaya. Na riga na rufe shago yau, babu inda za ni."