Saba'in ɗin Nicanor

Shekara goma sha shida ba mu yi magana da Nicanor ba, kuma har gobe babur ɗinsa nake ɗora wa laifi. Da ya lalace kamar yadda kowane ƙarfe yake lalacewa, da cikin wata uku an wuce wurin.

Ni ne Eladio, bakaniken bakin gada a kan hanyar zuwa garin Moca. Nicanor ɗan acaba ne, kuma kompadre na, don ni na riƙe 'yarsa Yudelka a coci ranar baftismarta. Tare muka tashi, tare muka sha bulala kan satar mangwaro, a shekara ɗaya muka yi aure. Ni na auri Herminia, shi ya auri Fidelina, matan suka shaƙu har sun fi mu.

Babur ɗin irin wanda ake kira Saba'in ne, ƙaramin nan ɗan Japan mai farar garkuwa a gaban ƙafa. Na hannu ya saya, wurin wani mai tallan madara da ya gama gana masa azaba. Na baje injin a kan buhu, kwana tara ina kansa. Na canja ringi, na wanke kabireta har sau uku, kowane noti da hannuna na ɗaure shi ina sauraron kukansa. Daga nan babu abin da bai ɗauka ba: tukunyar gas biyu, buhun rogo, alade a ɗaure, mata masu naƙuda. Ranar Lahadi kuwa su biyar suke hawa zuwa coci, Fidelina a karkace tana riƙe da hularta.

Rigimar ta tashi ne wata Lahadi da la'asar, muna buga wasan domino a kantin Chepe da ke tsallaken garejina. Wani ya yabi babur ɗin, ni kuma na ce ai hannuna ne. Na sha kofi biyu na giyar rake, ba zan ɓoye ba.

"Hannunka na me, kompadre?" in ji Nicanor, ko ɗagowa bai yi daga domino ba. "Wannan ko jaki ka ba sifana zai gyara shi. Waɗanda suka ƙera shi su suka iya aiki. Baƙin mai kawai yake so, sai a rabu da shi."

Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta fi yi mini ciwo, don duk cikinsu babu wanda ban taɓa yi wa gyara ba.

Na ce, "To madalla. Ranar da ya mutu za ka turo shi har ƙofata, ka faɗa gaban mutanen nan cewa hannun Eladio ne. Kafin nan kada na ga ƙeyarka."

"Na rantse da kabarin uwata, ba zan taka garejinka ba sai ya mutu," in ji shi. "Ka nemi kujera, jiran da tsawo."

A raina wata shida na ba shi.

Kullum ƙarfe shida da rabi na safe yakan wuce ta gabana zuwa tasha, kansa a miƙe kamar bai san da ni ba. Ni kuma na duƙufa kan aiki, amma kunnena yana wurinsa. Tun daga kwanar makaranta nake gane kukan Saba'in ɗin nan cikin babura hamsin. Wani lokaci nakan ji abin da bai yi mini ba, sai na shiga gida na ce wa Herminia, "Ki gaya wa ƙawarki sarƙar babur ɗin mijinta ta saki. Ba ni na faɗa ba." Washegari ya wuce, sarƙa ta ɗaure tsaf. Haka nake taimakonsa yana cin galaba a kaina, dubi wauta.

Shekaru suka yi ta tafiya. Manyan babura masu ƙyalli suka cika gari, samari suna ta ƙaryar gudu, shekara uku sai ka gan su kwance a garejina. Agogon Saba'in ya tsaya, fentinsa ya koɗe, aka ɗaure fitilarsa da waya, aka yi wa kujerarsa sabuwar riga da fatar saniya. Injin ko tari. Shekarar da ruwa ya cinye gada na hango Nicanor ya ɗauke shi a kafaɗa shi da wani, suka tsallaka kogi. Na ce yau kam ya sha ruwa, ya ƙare. Bugu biyu ya tashi.

Ranar auren Yudelka layi ɗaya muka zauna a coci, matanmu a tsakani. Na so in miƙa masa hannu, girman kai ya riƙe ni. Na yi kewarsa ƙwarai, wannan ita ce gaskiya. Na sha roƙon Allah Ya kashe babur ɗin nan, kuma duk safiyar da ya wuce lafiya sai in ji kaina ya kumbura, don aikina ne.

Sai wata Talata bai wuce ba. Laraba ma shiru. Ranar Alhamis da hantsi ina ƙarƙashin rumfa na hango mutum yana turo babur daga gangaren makaranta, yana tsayawa yana hutawa. Kafin ya iso Chepe ya riga ya bar kantinsa, tsofaffin 'yan domino suna biye da shi, waɗanda suka rage a raye.

Nicanor ya kafe babur a ƙofata. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rabona da kallonsa a kusa har na manta.

"Ya mutu," in ji shi.

Farin cikin da na ji ba na mutumin kirki ba ne. Na goge hannu a hankali, na zagaya babur ɗin sau biyu don kowa ya gani. Na leƙa tanki, akwai mai. Na kwance fulogi, kalarsa kamar gasasshen burodi, na gwada wuta tana nan, na mayar. Na danna kik da hannu, injin ya tokare ni da ƙarfinsa. Babu abin da ya sami babur ɗin nan, bugu ɗaya zai tashi.

Ina tsugune a wurin idona ya faɗa kan ƙafar Nicanor ta dama. Silifa ce a ciki, an yanke madaurinta don ta shiga, ƙafar ta kumbura an naɗe ta da bandeji har idon sawu. Herminia ta taɓa ce mini ciwon suga ya kama shi, na yi kamar ban ji ba. Ashe ƙafar da ta shekara fiye da ashirin tana buga kik ce ta gaza. Kuma a kanta ya turo babur tun daga gidansa.

Idan na tayar da shi, Nicanor ya karya rantsuwar da ya yi da kabarin uwarsa, kuma gari ya san ya tashi daga aiki. Na kai hannu kamar ina duba wani abu, na zare wayar fulogi kaɗan. Na miƙe na buga kik sau ɗaya, sau biyu, har sau bakwai. Shiru.

"Lallai ya mutu," na ce.

"To Nicanor," in ji Chepe yana washe sauran haƙoransa, "sai a cika alkawari. Mun tsufa muna jira."

Nicanor ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Shekara goma sha shida ina tsara yadda zan ji daɗin wannan lokaci, da ya zo sai na ji ba zan iya kallo ba.

"Dakata," na ce. "Ringin da na saka ne ya ci. Da na yi aikin da kyau da bai mutu ba. Laifina ne, kompadre. Ka yi haƙuri."

Ban taɓa kushe aikina gaban mutane ba sai ranar, kuma shi ne aiki mafi kyau da na yi a rayuwata. Chepe ya ja tsaki ya ce an cuce su, suka koma kanti suna gunaguni. Na jawo benci, Nicanor ya zauna ya miƙe ƙafar. Na zauna kusa da shi muna kallon motocin Moca.

"Na ga lokacin da ka zare waya," in ji shi can.

"Kai ne bakaniken ko ni?"

"Kai ne." Ya mayar da hularsa. "Kwana nawa gyaran zai ɗauka?"

"Ban sani ba, irin wannan ciwo ɓuya gare shi. Sai na riƙa gwada shi kullum, kuma da nauyin mutum a baya."

"Ni dai ba ni da nauyi yanzu."

"Za mu yi maleji da kai a haka."

Tun daga washegari nake zuwa ɗaukarsa. Mu je asibiti a wanke ƙafa, mu biya kasuwa, mu zagaya ta gonakin ayaba inda muka yi ƙuruciya, yana bayana yana ce mini ban iya canja giya ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce gwaji muke yi. Shekara biyu da wata huɗu muna wannan gwaji, har aka yanke ƙafar, har ranar da na bi akwatin gawarsa zuwa maƙabarta a kan Saba'in ɗin, Fidelina a bayana.

Ta ce na riƙe babur ɗin, tunda ban gama gyaran ba.