Matar da Aka Kawo a Jefe

A zamanin kumandan na Faransa, shekarar da gyaɗa ta yi albarka a Dungass, maƙwabciyata Hinda ta koma bin 'yan mishan. Ni dai ban bi ta ba, amma zumunci bai yanke ba. Kowa ya san zaman kanta ta yi a Magariya kafin ta dawo gida, kuma mutanen garinmu, wallahi, ba su iya mantuwa ba.

Labari guda ne ya ja ta. Malam Jibo, mai karanta musu Linjila, ya karanta yadda aka kawo wa Annabi Isa wata mazinaciya a jefe, ya hana, ya sallame ta. Hinda ta ce ranar ta fara cin tuwo da daɗi.

To, sai Jibo ya je ƙaro karatu wajen Baturen mishan, ya dawo da magana. Bawan Allah, bakinsa ba ya riƙe komai! Muna ɓarar gyaɗa ni da Hinda a tsakar gida ya zo ya ce wai an gwada tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, mafi tsufansu babu wannan labarin.

Hannun Hinda ya tsaya cikin ƙwarya. Na ji tausayinta ƙwarai.

"Ke nan ba a yafe mini ba?" in ji ta.

"Haba, Hinda! Mai kwafi ɗan Adam ne, yakan ƙara, yakan rage, amma Allah na tsare saƙonsa. Gafara na nan a wurare da yawa," in ji Jibo.

"Gafara na nan. Mace irina fa?"

Jibo ya sosa ƙeya. Ya ce Bature bai cire shafin ba, don yana ganin abin ya faru. A baki aka riƙe labarin shekaru kafin wani ya rubuta.

"Bakin wa?"

"Ba a sani ba."

Hinda ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta gyara zama.

"Ni na sani. Malamai suka manta, irinmu suka riƙe. Buɗe ka karanta mini, sannu-sannu, har ya zauna a kaina. In gobe wani Baturen ya cire shi, a zo wurina a karɓa."